Ragowar Furar Baba

Naziru mai keke Napep ne ya fara gaya mini abin da jikata ta yi. Ba zan faɗi sunanta ba, don har yau tana jin kunya.

Damina ce. Cutar amai da gudawa ta shiga ƙauyukanmu, daga Bodinga har Shagari. Ta kama ɗana Mijinyawa, aka kwantar da shi a asibiti.

Nas ɗin da ke kula da ɗakin, Malama Samira, ta ɗaura igiya a ƙofa. Ta ce mai kawo abinci ya tsaya nan. Kwanon da ya shiga ba ya fita sai sun wanke shi da ruwan magani. Ragowa kuwa zubarwa suke yi.

Jikata ce ke kai wa babanta fura kullum.

Ranar Talata da hantsi ina tankaɗe, sai ga Naziru ko sallama bai gama ba.

"Inna, Malama Samira ta aiko ni. Ta duba kwanoni, ba ta ga ƙwaryar Mijinyawa ba. Ta tambaye shi, ya ce jiya ɗiyarsa ta shigo ta ƙarƙashin igiya, ta fita da ragowar fura. Ta ce a kawo duk wanda ya sha. Yanzu!"

Na kira yarinyar.

"Ke, ina ragowar furar babanki?"

"Na zubar, Inna."

"Dube ni. A ina kika zubar?"

Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafi.

"Ba duka zan yi ba. Rai ake magana. Wa ya sha?"

Sai ta fashe da kuka. "Abdulaziz na ba. Ke kika ce ba a zubar da abinci, alhaki ne."

Abdulaziz ƙanenta ne, shekararsa uku. Kuma gaskiya ta faɗa. Ni na koya mata haka.

Na saɓa yaron, muka shiga keke har da jikata. Ba mu kai kwalta ba ya fara amai. Sai gudawa, fara kamar ruwan shinkafa.

"Naziru, taka mana!"

"Inna, hanyar duk taɓo ce!"

"Ban tambaye ka hanya ba!"

Yaron ya yi laushi a cinyata. Idanunsa suka faɗa ciki. Na ce, "Angona, buɗe ido ka dube ni." Bai buɗe ba.

Muna isa muka tarar da Malama Samira a ƙofa, da safar hannu. Ashe tun da ta aiki Naziru ta shirya ƙaramin gado, ta rataye ledar ƙarin ruwa.

Ta tsunkuli fatar cikinsa. Fatar ta tsaya, ba ta koma ba.

"Ruwan jikinsa ya yi ƙasa sosai. Inna, ku tsaya bayan igiya, ku wanke hannu a bokitin can."

"Ni da jikana?"

"Awo, Inna. Ke da jikanki. In kin kamu, ba ni da gado na biyu."

Na je na wanke.

Ta nemi jijiya a hannun dama, ba ta samu ba. Ta koma hagu, babu. Jikata ta riƙe zanena.

"Inna, zai mutu?"

"Yi addu'a," na ce.

A karo na uku allurar ta shiga. Ruwa ya fara ɗiga. Muka zauna muna kallon ledar nan har azahar.

Can sai muka ji ƙaramar murya. "Ruwa."

Malama Samira ta ba shi ruwan gishiri da sukari a cokali. Ya haɗiye, bai amayar ba.

Da ta fito, jikata ta durƙusa. "Malama, ki yafe mini."

"Tashi, ƙanwata. Ƙwayar cutar ba ta ganuwa. Tana iya zama a ƙwarya, a ludayi, a hannu. Igiyar nan ba ƙiyayya ba ce. Da kin ci gaba da ɓoyewa, da ba mu same shi ba."

Na ce, "Rabin laifin nawa ne. Abinci abin girmamawa ne, amma ran mutum ya fi shi."

Bayan kwana huɗu aka sallami uba da ɗa.

To yara, ku ji. In cuta ta shigo gari, ku bi dokar ma'aikatan jinya, sun san abin da ba mu sani ba. Kada ku ci ragowar mara lafiya. In kun yi kuskure, ku faɗa da wuri.

Washegarin sallamarsu da safe na aika aka kira matan unguwa da yaransu. Na shimfiɗa tabarmi, na ce wa jikata, "Tashi ki gaya musu da bakinki." Ta miƙe, ta faɗa har ƙarshe.