Mai Keken Kota Tua

Ranar da Nurlela ta fara ganin Tarjo, Allah ne kaɗai ya hana ta kwaɗa masa sandar tutarta a ka.

Aikinta zagayawa da 'yan yawon buɗe ido a Jakarta. Baƙi goma sha huɗu ta kwaso tun safe. Ta kai su hasumiyar Monas, ta kai su masallacin Istiqlal da cocin da ke fuskantarsa, ta yi bayani har maƙogwaronta ya bushe. Suna isa dandalin Kota Tua ta ɗaga 'yar tutarta, ta shiga ba su tarihin tsohon gidan gwamnan Turawa. Tana waiwayowa, wayam! Tsofaffi biyu suka rage. Sauran suna can kan kekunan haya masu launi-launi, kowa da ƙatuwar malafa, sai hoto suke kamar yau aka ƙera keke.

Ta taka har gaban mai kekunan. "Kai, wa ya ba ka izinin kwashe min mutane?"

"Yi haƙuri, Neng," in ji shi, wato 'yan mata, da nauyin harshen nan na mutanen garin Tegal. "Ban kira kowa ba. Ƙararrawa kawai na kaɗa."

Ya sake kaɗa ta a gabanta yana murmushi. Murmushin ya fi komai ƙona mata rai, don har ta isa gida tana ganinsa.

Wata uku suka kwashe suna wannan faɗan, ita ce dai mai faɗan, shi aikinsa dariya. Rannan ta lura ya daina taɓa ƙararrawar sai ta gama bayani. Ta zage shi kan haka ma, wai wa ya roƙe shi. Da yamma ya goya ta zuwa tashar Sunda Kelapa kallon jiragen katako, ita da ta kai mutum dubu wurin amma ba wanda ya taɓa kai ta. Tun daga ranar ya zama Mas, wato Yaya, ita kuma ya sa mata Barkonona.

Da maganar ta je kunnen mahaifinta, gidan ya ɗauki zafi. Babeh Sa'ani malamin silat ne, faɗan gargajiya, kuma ɗan Betawi, asalin mutanen Jakarta, tun kaka da kakanni. Ya ce baƙi sun cinye Jakarta, inda aka binne cibiyarsa yau otal ne, ba abin da ya rage masa sai 'yarsa, ita ma wani mai keke ya zo ɗauka? Ga Madali, babban ɗalibinsa, ɗan unguwa, shekara biyu yana jira. Nurlela ta ce ko shekara ɗari ya yi. Sati guda ba ta ci abincin gidan ba.

Ana cikin haka Madali ya turo mata hoto: Tarjo a kan keke, bayansa wata mace da malafa ta rufe mata fuska, ta ƙanƙame shi ƙam. Nan take ta rubuta wa Tarjo:

"Mayaudari. Ni ina nan ina faɗa da ubana a kanka, kai kana yawo da 'yan yawon buɗe ido. Kar ka ƙara kiran layin nan."

Amsa ta zo: "Barkonona, zo dandali ki ga kishiyar taki. Tana ta tambayarki."

Ta je da niyyar yin rashin mutunci. Ta tarar da wata 'yar tsohuwa zaune a inuwa, malafar a cinyarta. Mahaifiyarsa ce, ta taso tun daga Tegal nema masa aure, ba ta taɓa ganin babban birni ba, shi ne ya zaga da ita. Kunya ta kama Nurlela, ta sumbaci hannun tsohuwar, haushin kuma duk ya koma kan Madali.

Tsohuwar ce ta zauna da Babeh har ya sauko, amma da sharaɗi. A bikin Betawi ango ba ya shiga sai an tare masa ƙofa, gwanin gidan amarya ya kara da gwanin ango. Wasa ne, ko yaro ya san na amarya ne ke faɗuwa. Babeh ya ce Madali zai tsare ƙofa, kuma ban da gwanin haya: ɗan gidan ango ne zai fito, in ƙofa ba ta buɗu ba babu ɗaurin aure. Ya sani sarai Tarjo ba shi da kowa a garin sai uwarsa.

Ranar biki 'yan keken Kota Tua suka rako ango, ɗauke da burodin nan biyu masu siffar kada da ake kai wa amarya. Aka yi zambo, aka yi dariya, Tarjo ya tuɓe takalmi ya shiga fili da kansa. Nurlela tana leƙe ta taga cikin kayan amarci.

Madali bai zo wasa ba. Karon farko ya shimfiɗe Tarjo a ƙasa. Ya tashi, Madali ya sake kayar da shi. A na uku leɓensa ya fashe, jini ya ɓata farar rigar. Masu kiɗa suka tsaya, mahaifiyarsa ta rufe fuska, Babeh kuma yana zaune ko motsi bai yi ba. Sai ga Tarjo yana dafa ƙasa zai tashi karo na huɗu.

Nan Nurlela ta kai maƙura. Ta cire adon kanta ta miƙa wa wata gwaggonta, ta tattare zani, ta fito. Madali ya manta ashe tun tana shekara shida take filin Babeh, kafin shi ya san hanyar gidan. Ya buɗe baki zai yi magana, ta shige masa, ta share ƙafarsa. Ƙaton ya zube tim a kan tabarma.

Ta juya ga mahaifinta, hawaye na zuba. "Babeh, ka ce ɗan gidansu. To ni ce 'yar gidansu. Ƙofa ta buɗu ko da saura?"

Tsohon ya dube ta, sannan ya dubi Tarjo da ke tsaye yana layi. Ya miƙe, ya zare mayafin kafaɗarsa, ya goge masa jinin da hannunsa.

"Sau uku ka faɗi ba ka gudu ba," in ji shi. "Shigo, ɗana. Amma ka ga abin da za ka aura, kar ka kawo min ƙara."

Aka ɗaura aure kafin azahar. Babeh da kansa ya yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, jama'a suka shafa.

Har yau suna nan a Kota Tua, kekunan ma sun ƙaru. Sai dai ƙararrawar ba ta kan keke, tana cikin jakar Nurlela. In ta gama bayaninta tas, ita ke kaɗa wa mijinta.