Aljihun Dama

"Ki ce ba ki gane kowa ba! Iyakar abin da na roƙe ki ke nan, Auta!"

Umma ce ta tare ta a ƙofar shagon ɗinkinta, idanu jajir.

Auta ta kasa ɗago kai. Ta kalli wani bidiyo da ke yawo a waya har ya hana ta cin abinci: maza huɗu, fuska a rufe, sun fizgo mai gyaran agogo daga teburinsa suna duka, suna ihun irinsa ba su da wurin zama a unguwar. Laifinsa kawai, ba yarensu ɗaya ba. Shi ne kuma wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure da Auta.

'Yan sanda ba su gane kowa ba. Ita kuwa tela ce. Wanda ya taka masa yatsu, aljihun rigarsa a dama yake, kuma mutum ɗaya take yi wa haka, Yayanta, don shi bahago ne.

"Umma, ni fa na ɗinka rigar nan..."

"To sai me? Ciki ɗaya kuka fito!"

"Hannun da yake neman abinci da shi ya taka, Umma!"

"Miji za ki samu wani. Yaya fa, a ina za ki samo?"

Wallahi Auta ta so ta yi shiru. Amma zargi ya sa aka kama Yaya, kuma ranar shari'a, da alƙali ya tambaye ta ko ta gane rigar, bakinta ya ƙi ƙarya. Aka yanke wa Yaya shekara bakwai. Alƙali ya ce uku daga ciki na ƙiyayyar da ta sa shi ne. Yaya ko kallonta bai yi ba. Umma kuwa tun daga ranar ba ta sake amsa gaisuwarta ba.

Da ta je ɗakin mai agogo, sai ta tarar da jaka a ɗaure, kawunsa na jira a mota.

"Ina za ka, abin ƙaunata?"

"Gida. Sukurun agogo ma ba na iya ɗauka yanzu."

"To mu tafi tare! Ni zan zama hannunka!"

Ya girgiza kai.

"Kin yi mini abin da ba zan iya biya ba, zuciyata. Amma Umma ta rasa ɗa ɗaya a kaina. Ba zan ɗauke mata na biyu ba."

"Ko magana ba ta yi mini..."

"Za ta yi. Ke kaɗai kika rage mata."

Kuka ya ƙwace mata. Ya ɗaga hannu zai share mata hawaye, yatsun suka ƙi motsi. Ita ta kama hannun, ta goge fuskarta da shi, sannan ta ɗaukar masa jakar har mota.