Mai Awo a Rumbu na Huɗu

Ku matso nan. Asabe, rage fitilar. Bar ta haka. Wanda ya san zai ji tsoron fita fitsari, ya je yanzu.

Akwai wani mutum, Istifanus Barau, mutumin wajen Malumfashi. Bakanike ne a wani kamfanin giya da ke Kakuri, cikin Kaduna, shi ke kula da injin niƙa. A can dawa ake jiƙawa ta yi tsiro, a busar da ita da zafin wuta, a zuba a manyan rumbunan ƙarfe guda huɗu. Daga rumbu bel ke jan tsiron zuwa inji. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki. Da kunne yake gane ciwon inji tun bai taɓa shi ba.

Sai aka kawo wata dawa daga wata sabuwar gona, aka yi tsironta, aka cika rumbu na huɗu. Ranar da aka fara ja daga cikinsa, inji ya shaƙe.

Istifanus ya duba bel, lafiya lau. Ya duba rariya, ba tsakuwa. Ya auna tsakanin rola biyun da ke murƙushe ƙwaya, ya ɗaure su daidai. Inji ya tashi, ya yi minti goma, ya sake yin shiru. Da ya kwance murfin, sai ya ga saiwoyi. Farare, ɗanyu, sun nannaɗe rola kamar gashi.

Ya kira Baba Ayuba, tsohon da ke tuƙa injin tun kafin a ɗauke shi aiki.

"Baba, dubi nan."

Tsoho ya duba.

"Tsiron da ya sha wuta ba ya sake rai," in ji Istifanus.

"Na sani. Rufe."

Washegari ya buɗe mayen ƙarfen da ke kama ƙusa da waya kafin su shiga inji. Ba ƙusa. Zobba ne ƙanana, baƙaƙe, irin ƙirar da, sun manne jere. Ya cire su ya zuba a gwangwani. Da ya dawo daga cin abinci, gwangwanin wayam.

Rana ta uku tsiron ya daina saukowa gaba ɗaya. Rumbu cike, amma ƙasa ko ƙwaya ba ta faɗowa. Wannan matsala kam, Istifanus ya san ta. Hatsi kan dunƙule a sama ya yi rufi, ƙarƙashinsa rami. Sai an hau an soka da dogon ƙarfe. Kuma doka ce, mutum biyu ke hawa, ɗaya da igiya a ƙugu, ɗaya yana riƙe. Wanda rufin ya rufta da shi, hatsi ke haɗiye shi.

Oga ya zo da yamma, ransa a ɓace.

"Barau, in gari ya waye injin nan bai tashi ba, akwai wanda zai iya."

Da ya tafi, Baba Ayuba ya ɗauki jakarsa.

"Ni ba zan hau ba. Kai ma kada ka hau. Bari rana ta fito."

"Baba, 'ya'yana uku."

"Shi ya sa."

Tsoho ya tafi gida. Istifanus ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Da dare ya raba, ya ɗauki tocila da ƙarfen suka da igiya, ya kama tsani.

Rumbun dogo ne, ya kai bene biyar. Tun a tsakiyar tsani ya fara jin abin. Shaaa. Shiru. Shaaa. Kamar ana zuba hatsi a ƙwarya ana juyewa. Ya taɓa jikin rumbu. Ɗumi, kamar jikin mai zazzaɓi.

Ya kai sama. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin tsani. Ya ɗaga murfin.

Ƙamshin ruwan farko ya bugo shi, alhali wata uku rabon da a ga hadari.

Ya haska.

Wata mata ce zaune a kan tsiron, tsakiyar rumbu. Zanenta baƙi, kanta ba ɗankwali. Ƙwarya a hannunta, zobban nan a yatsunta. Inda ta zauna ko lotsawa bai yi ba. Ya kai hasken ƙasa don ya ga ƙafafunta. Babu. Daga bakin zanen hatsi ne ke ta zuba, yana komawa cikin hatsi.

"Sannu da aiki, ɗan Barau."

Muryar ba daga bakinta ta fito ba. Daga ko'ina cikin rumbun ta taso.

Ya ce, "Sannu, Iya."

"Ka san gaisuwa. Sauko."

Ƙafarsa ta dama ta shiga bakin rumbu da kanta. Wallahi da kanta. Igiyar ce ta fizge shi a ƙugu, ya dawo hayyacinsa, ya rungume ƙarfen murfin.

"Iya, ba zan iya saukowa ba. Me kike so?"

Ta zuba, ta juye.

"Mu ke da gonar da aka nomo dawar nan tun ba kowa. Duk mai noma yana bar mana namu a gindin suri. Waɗannan suka zo da mota, suka baje surin, suka kwashe har zangarniyar ƙarshe."

"Nawa ne naku?"

"Ƙwarya uku."

"Ɗauki, Iya. Ɗauki goma."

"Ba ma ɗauka. Ba mu ake yi."

Bai ga tasowarta ba. Sai ga ta daidai ƙarƙashinsa, ta miƙo ƙwaryar.

Istifanus ya kwanta rub da ciki, ya zura hannun dama har kafaɗa. Ya ɗebo ya cika, ya ba ta. Ta juye cikin zanenta. Ya cika ta biyu. Ƙwaya na zubewa ta gefe. Ta jira har ya ƙarasa. A ta uku, da ta zo karɓa, sai ta haɗa da wuyan hannunsa ta riƙe. Sanyi ya ratsa shi har haƙori.

"Kai ka ba mu," ta ce. "Mu ba ma cin na mutum a banza."

Ta sake shi. Rufin hatsin ya rufta da ƙara kamar aradu, tocilar ta suɓuce ta bi hatsin. A ƙasa inji ya tashi, ba wanda ya kunna.

Da asuba masu gadi suka tsince shi a gindin tsani, a zaune, hannunsa a hammata. Inji kuwa bai sake shaƙewa ba. Oga har yabonsa ya yi.

Amma hannun bai koma daidai ba. Kullum a jiƙe, kullum da sanyi. Ya ɗebi masara zai watsa wa kaji, ragowar da ta kwana a aljihunsa ta wayi gari da ganye. Ranar da ya ci dafaffen wake da hannun, kwana uku yana jin abu na motsi a cikinsa. Tun daga nan da cokali yake ci.

Ya ajiye aikin ya koma garinsu. Gonarsa ba a taɓa ganin irinta ba, ko a shekarar fari kore shar. Mutane na cewa ya dace. Amma matarsa ta haifi auta, yarinyar har ta fara tafiya bai taɓa ɗaukarta da hannu biyu ba. Na gan shi da idona a bikin Kirsimeti. Ta rugo da gudu ta kama masa yatsan hannun dama, ya fizge kamar ya taɓa wuta, ya juya baya yana kuka.

To, kun ji. In kuka ji hatsi na zuba a inda ba wanda ya buɗe, ko rumbun gidan nan ne, kada ɗayanku ya leƙa shi kaɗai.

Asabe, kashe fitilar.