Fuskar Lantana

Ku matso kusa. Kai Ɗanliti, ajiye tocilan nan. Kun san Sallau, mai shirin talabijin ɗin nan da yake nuna yadda ake haɗa dodanni a fim? To, ba a gaban kyamara ya fara ba.

Ya daɗe a wani ɗan shago a Ɗorayi yana ƙera wa masu shirya fim abin tsoro. Da soson katifa da yumɓu da fenti yake yin kan dodo, ko yankakken hannu, ko ɗan ƙaramin gari na kwali da za a cinna wa wuta a ɗauka kamar gaske. Matarsa Lantana ce mai dama masa fenti. Ita ta gano zuma da jar kala sun fi komai kama da jini. In ya gama dodo sai ta ɗaga, ta ƙare masa kallo, ta ce, "Malam, wannan ai kawunka ne." Su yi ta dariya.

Wata rana gidan talabijin suka gayyace shi hira. Bakinsa ya yi wa jama'a daɗi, aka ba shi shiri nasa. Ya wanke hannu daga yumɓu, ya koma sa babbar riga. Ranar da ciwon Lantana ya tashi, yana can ana haska shi kai tsaye, yana ba mutane dariya. Wayarsa a kashe. Kafin ya isa asibiti an riga an rufe ta.

Aka share makoki, kowa ya watse. Sallau ya kasa zama da hotunanta, don hoto ba shi da kumatun da za a shafa. Sai ya ƙudura zai ƙera fuskarta da hannunsa. Da yamma liƙis ya hau babur shi kaɗai, ya nufi bakin rafin Tamburawa, inda ya saba ɗibar yumɓu a da.

Ya isa rana tana faɗuwa. Kwaɗi suna ta kuka. Yana sa ƙafa a gangaren, suka yi tsit gaba ɗaya.

Wata tsohuwa ce tsugune a bakin ramin yumɓun, da baƙin zane.

"Sannu, Iya," in ji shi.

Ta juyo. Leɓɓanta suka motsa, suka tsaya. Sai daga baya muryar ta iso.

"Kai ne mai yin mu da soso."

Sallau ya san wannan matsalar, yakan gan ta a fim in sauti da hoto ba su haɗu ba. Amma nan babu inji. Ya dubi ƙasa. Taɓo ya kewaye ta, sawunsa ne kaɗai a ciki.

"Sana'a ce, Iya."

"Ba ka taɓa dacewa ba. Ba mu da ƙaho. Me ka zo nema?"

"Yumɓu."

"Ba yumɓu ka zo nema ba."

Ta miƙo masa curi guda. Ya karɓa. Da ɗumi, kamar jikin mai barci.

"Abin da ka zuba a ciki ya bar wurinka ke nan," ta ce. "Ka ji?"

"Na ji."

Bai tambayi ma'anarsa ba. Ya hau gangaren yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, bai waiwaya ba.

A gida ya shimfiɗa tabarma ya zauna. Hannunsa bai manta ba. Ya fitar da goshinta. Ya fitar da wushiryarta, da ɗan tabon da tafasasshen mai ya bar mata a gira tun tana yarinya. Duk abin da ya tuna, yatsunsa suka sa. Da ya shafe leɓen ƙasa, sai idanun suka buɗe.

"Malam, ka dawo?"

Muryarta ce. Daidai da motsin bakinta.

Sallau ya durƙusa, hawaye suna ɗiga a hannunsa. "Lantana, ki yafe mini. Ban zo ba. Ina can ina..."

"Ai na gan ka," ta ce. "Akwai talabijin a ɗakin da aka kwantar da ni. Na ce kada a canja tasha. Har dariya na yi. Hularka ta karkace, ba wanda ya gyara maka."

Ya share hawayensa.

"Ka ci abinci kuwa?" in ji ta.

"Ban ci ba."

"To, tashi ka ci."

Daga nan yumɓun ya fara bushewa. Tsaga ta taso daga goshi zuwa haɓa. Ya tallafe da hannu biyu, yana kiran sunanta, fuskar tana zubewa ta tsakanin yatsunsa har ta koma ƙasa.

Da safe yayarsa Tabawa ta kawo masa koko, ta same shi tsaye gaban hoton aurensu da ke bango.

"Yaya," ya ce, "wace ce wannan a gefena?"

Kwanon ya kusa suɓuce mata.

Ya san sunanta. Ya san ya so ta. Duk maganar da ta taɓa yi masa tana kunnensa. Amma fuskar ta tafi. Ko an ɗora masa hoton a tafin hannu, baƙuwa yake gani.

Har yau yana shirinsa, kuna ganinsa yana murmushi. Tabawa ta ce kullum in ya dawo sai ya tsaya gaban bangon nan ya yi wa baƙuwar sallama, ko Allah zai sa wata rana ya gane ta.

Don haka in rana ta yi ja, kada wanda ya gangara rafin nan shi kaɗai. Musamman mai kewar wani. Shi mutanen rafin suka fi jin ƙanshinsa.