Ganye Ɗaya Babu

Tun shigarsu jami'a ajinsu ɗaya, amma sai a zaman kwamitin shirya taron tsofaffin ɗalibai suka yi wa juna kallon tsaf. Ba abin mamaki ba ne. Ita 'Yar Gaba ake ce mata, don ta mallake bencin farko. Shi kuwa Ɗan Baya, kullum yana can jikin taga yana zane-zanensa.

Shi aka ɗora wa zana tambarin aji. Ya juyo mata kwamfutarsa, sai ga bishiyar nan ta bakin sashensu, inda suke tilawa kafin jarrabawa.

"Kowane ganye mutum ɗaya ne," ya ce.

"To ina nawa?"

"Ga shi can sama, yana tare wa mutane allo."

Ta galla masa harara, dariya ta ƙwace mata. Shi ke nan fa, zuciya ta tafi!

Sai saƙonni ba ƙaƙƙautawa.

"Fitilata, kin duba kalar rigunan taron?"

"Na duba tun jiya. Kai dai neman hira kake."

"An kama ni."

Rannan ta ƙirga ganyen, ta sake ƙirgawa. Ɗaya babu.

Ashe Shugaban aji ne, wanda shi ma ya daɗe yana zarya gidan su 'Yar Gaba don neman aurenta, ya kafa doka: duk wanda bai fita tare da aji ba, ba shi da ganye. Ɗan Baya kuwa ya maimaita shekarar ƙarshe. Ya goge nasa da hannunsa. Shugaba bai tsaya nan ba, sai da ya tsegunta wa Abbanta.

Abba tsohon malami ne, ba ya magana biyu. Da maganar aurenta da Ɗan Baya ta taso, nan take ya yanke hukunci. "Wanda 'yan ajinsa ba su ƙirga da shi ba, ni zan ƙirga shi cikin 'ya'yana? A'a."

Ta sha kuka, ga kuma saƙon Ɗan Baya: "Ki bi maganar Abba. Ba zan zo taron ba."

"In ba ka zo ba, ka goge nawa ganyen ma. Da gaske nake."

Ya zo, ya maƙale a baya yadda ya saba. Abba yana gaba cikin manyan baƙi. Ana yaye ƙyallen da ya rufe tambarin, 'Yar Gaba ta haye dandamali da koren alƙalami. Ta zana ganye kusa da nata. Wayyo, ya fito a karkace kamar kunnen akuya.

"Wanda ya zana mu duka," ta ce, "shi ne ba za mu zana ba?"

 Sai wata ta miƙe. "Miƙo alƙalamin nan, 'yar'uwa!"

Kafin ka ce kwabo, kowa na ƙara ganye a tambarin da ke gaban rigarsa. Shugaba ma ya miƙa tasa.

Abba ya daɗe yana kallo, sannan ya yafito Ɗan Baya.

"Kai ne mai zanen?"

"Ni ne, Abba."

"Gyara ganyen nan, 'yata ba ta iya zane ba. In ka gama, ka turo magabatanka."

Magabata sun zo, amma gyara kam bai yi ba. A katin aurensu ganye biyu ne a reshe ɗaya, ɗayan karkatacce yadda ta zana shi.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya ƙara wa reshen ganye.