Dogo Ya Koyi Jira

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, faɗa ta je yi. Sabar da take kula da ita a kamfaninsu, wato babbar kwamfutar da ke amsa buƙatun manhajoji, ta durƙushe tun da safe, da ta bi sawu sai ta gano manhajar da Dogo, sabon ma'aikacin nan, ya rubuta ce sila. In manhajar ta aika buƙata ba a amsa nan take ba, sai ta sake aikawa, ta kuma sakewa, sauran ayyukanta duk sun tsaya cak suna jira.

Ta same shi a teburin kusa da taga, ya naɗe ƙafafu da ƙyar a ƙarƙashinsa. Ta ja kujera ta nuna masa yadda ake yi: a aika buƙata sau ɗaya, a bar adireshin da amsa za ta dawo, a ci gaba da wani aikin. Mai karɓa ne kuma zai faɗi yawan abin da zai iya ɗauka. Dogo ya yi ta gyaɗa kai, amma ba allon yake kallo ba, ita ma ta lura.

Ya gyara manhajar a yinin. Halinsa ne bai gyaru ba. Kafin ta amsa saƙo ɗaya ya turo wasu.

"Malamata, kin isa gida?"

"Malamata, shiru."

"Ko na yi laifi ne, hasken idona?"

Takan yi dariya ta rubuta: "Wanka nake yi, Sarkin Gaggawa." Gaskiya dai tana sonsa, har da nacin.

Baba, mahaifinta, ne bai ga abin dariya ba. Tsohon malamin makaranta ne, mutumin da ko takalmi zai saya sai ya kwana yana tunani. Da Dogo ya zo gaishe shi ya faɗi abin da ke ransa, Baba ya ce zai neme shi. Washegari Dogo ya buga waya. Rana ta gaba ya turo yayansa. Bayan nan ya zo da kansa, wai hanya ce ta biyo da shi. Ran Baba ya ɓaci, ya ce wa Mama yaron da ba ya iya jiran amsa ba zai iya riƙe masa 'ya ba, ya kuma fara yabon wani likita, ɗan abokinsa, mai natsuwa.

Hankalin Auta ya tashi. Ta tare Dogo a bakin matakalar ofis.

"Abin da ka yi wa sabata shi kake yi wa Baba," ta ce. "Ka aika, ya karɓa. Ka ƙyale shi."

"In ya manta da ni fa?"

"Wa zai manta da kai? Don Allah ka yi shiru har sai an neme ka."

Dogo, bawan Allah, ya karɓi maganar hannu bibbiyu. Ya daina kiran Baba, ya kuma daina turo mata saƙo ita ma. A ofis gaisuwa kawai, da an tashi ya ɓace. Likitan kuwa ya fara zuwa gidansu yana zama a falo. Auta ta riƙa juya wayarta tana duba ko ta lalace. Ta yi kewar nacin da take tsokana, ta fara tsoron ko ya haƙura ne gaba ɗaya, amma girman kai ya hana ta tambaya.

Wata Asabar da hantsi Baba na karanta jarida, ya sauke tabarau ya dube ta.

"Wai ina dogon yaron nan? Lafiya yake kuwa?"

Ta ce lafiyarsa ƙalau, jira yake a neme shi. Baba ya ce to, a ce masa ya zo.

Ta ɗauki wayarta ta rubuta wa Dogo: "Baba na nemanka. Ni kuma ina fushi da kai. Ina ka shige?"

Amsa ta shigo da hoto: ƙaramin falo da sabon fenti, tebura biyu a jere kusa da taga, ɗaya an ɗaga ƙafafunsa da katako.

"Kin ce in aika, in ci gaba da sauran aiki. Ga sauran aikin, Malamata: gidan da za mu zauna. Gajeren teburin naki ne."

Ta zauna a gefen gado ta yi kukanta, sannan ta wanke fuska ta kai wa Mama wayar.

Ranar auren Baba ya riƙe hannun Dogo ya daɗe yana sa musu albarka, yana roƙon Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Addu'ar ta yi tsawo har ƙafafun mutane suka fara gajiya. Auta ta saci kallon mijinta. Yana tsaye kansa a sunkuye, bai ko motsa ba sai da Baba ya shafa.