Layin da Ya Toshe Hanyar Gudu

Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris, aka ɗora wa Baba mai gyaran fili laifin da ba nasa ba.

Makaranta na shirin gasar gudu. Malamin lissafi ya kira Auta, gwanar ajinsa.

"Ga layin farko a taswirar fili, y = 2x + 1. Fitar mana da na biyu. Ya bi ta ɗigon (3, 4), su jera, kada su haɗu."

Auta ta yi sauri don a yaba mata. Ta rubuta y = x + 1, ta kafa turaku a fili. Baba ya bi turakun da farin fenti.

Da aka zo dubawa, sai ga hanyar tana tsukewa, har layukan suka haɗe. Shugaban makaranta ya tsayar da Baba gaban ɗalibai.

"Tsufa ne ko ganganci? In ba za ka iya ba, mu nemi wani!"

Yara suka kwashe da dariya. Baba ya sunkuyar da kai. Auta ta sulale, ta bar shi da laifin.

A gida abinci ya ƙi ciyuwa. Kakanta, tsohon malami ne, ya dube ta.

"Amaryata, yau yaji aka yi mini?"

Sai hawaye. Ta faɗa masa komai. Ya sa tabarau, ya buɗe littafinta.

"Lambar da ke jikin x ita ce karkatar layi. Layukan da ba sa haɗuwa, karkatarsu ɗaya. Ina biyunki?"

"Na canza ta, Kaka."

"Mayar da ita. A ɗigon, x uku ne, y huɗu. Biyu sau uku?"

"Shida."

"Me zai mai da shida huɗu?"

"A cire biyu. Ashe y = 2x − 2 ne!"

"Kuskure ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ki yi shiru wani ya ɗauki laifinki."

Da safe ya raka ta taron ɗalibai. Ta fito gaba ta ce, "Ni na kafa turakun. Baba, ka yafe mini."

Baba ya yi murmushi. "Ya wuce, 'yata. Yau ke za ki riƙe mini bokitin fenti."

Shugaba ya ɗaga hannu zai sallami taro. Kaka ya buga sandarsa a ƙasa.

"Dakata, ranka ya daɗe. Yarinya ta biya nata. A gaban yaran nan ka tozarta shi, a gabansu za ka ba shi haƙuri. Muna jira."